Launin Jemage

Rana ta fara ja lokacin da Evaristo Ludueña ya sauke tsohuwar a-kori-kurarsa daga kwalta, ya kama turbar da ta nufi filin gishiri. Da hantsi ya so ya iso, amma taya ta fashe musu bayan garin Deán Funes, mai faci kuma ya tafi cin abinci, daga can ya zarce barcin rana yadda mutanen yankin suka saba ko da duniya za ta tashi. Matarsa Griselda tana gefensa, filas a cinya, tana tsiyaya ruwan zafi na ƙarshe a ƙoƙon mate, shayin ganyen da mutanen ƙasar ke sha.

"Ungo, tsoho. Daga wannan babu saura."

"Sha abinki."

"In sha me? Ganyen ya salance tun ɗazu. Mata masu hankali suna gida sun miƙe ƙafa, ni kuwa ga ni a jeji ina raka ƙato mai furfura neman fentin abin wasan yara."

"Ba abin wasa ba ne."

"Na sani. Samfuri ne." Ta ja kalmar yadda yake jan ta, ta yi dariya, ta dafa masa gwiwa.

Sana'ar Evaristo gyaran firji ce a birnin Córdoba, amma zuciyarsa tana wani ɗan ɗaki a bayan gida, inda yake haɗa ƙananan jiragen saman nan da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali. Suna da ƙungiya, wajen mutum talatin, manyan mutane masu jikoki, waɗanda za su iya daina gaisawa shekara guda a kan ko koren da aka shafa wa fiffike ya yi duhu da yawa. Wanda bai san su ba dariya zai yi. Su kuwa ko a jikinsu, don a wurinsu launi ba abin wasa ba ne.

Shi Evaristo bai tsaya a kan na kanti ba. Nasa jirgin ya sassaƙa, ya yi masa mazubi, yana zuba narkakkiyar roba yana fitar da guntaye, ya jera a kwali ya sayar wa mai so. Jirgi ɗaya tak yake yi, sunansa Jemage. Ba shi da wutsiya, ba shi da gangar jiki, fiffike ne zalla da ɗan kumburi a tsakiya inda matuƙi zai zauna. Babu hotonsa ko'ina, babu shi a littafi. Mutum ɗaya ne ya taɓa cewa ya gan shi, wato mahaifinsa, Don Anacleto. Tsohon ya ce yana saurayi yana saran gishiri, bayan an gama babban yaƙin Turai, wasu baƙin Turawa masu jan wuya suka zo da manyan akwatuna, suka haɗa wani jirgi da suka gudo da shi daga yaƙin, suka ɗauki shi saurayin aikin gara musu gangunan mai. Ya ga tashinsa, bai ga saukarsa ba. Kuma har ya mutu yana rantsuwa cewa launin jirgin launin hanta ne, ɗanyar hanta.

Don Anacleto mashayi ne, wannan ba a ɓoye yake ba, kuma da shi aka riƙa dukan labarin. Shugaban ƙungiyar, wani likitan haƙori mai suna Fulvio Brancatti, ya taɓa ɗaga kwalin Jemage sama a gaban kowa ya ce, "Kai, Ludueña, jirgin yaƙi mai launin hanta? Babanka dai tasa hantar ya hango a gindin kwalba." Aka kwashe da dariya. Evaristo ma ya yi, ya koma gida ya kasa cin abinci. Tun yana makaranta ake ce masa ɗan maƙaryaci, ga shi ya haura sittin abin bai daina ci masa rai ba. Ba wani abu mai yawa yake nema ba. So yake ranar baje kolin ƙungiyar da ke tafe ya ajiye shaida a kan tebur, a buɗe baki a ce tsohon nan gaskiya ya faɗa.

Wani direban motar gishiri da ya kawo firji gyara ne ya ba shi labarin wani ɗan ɗakin tunawa da mamaci a cikin filin, wanda ake kira Ɗakin Matuƙi. Ya ce rufinsa ba kwano ba ne, wani lanƙwasasshen fallen ƙarfe ne da ba ya tsatsa, mai ƙusoshi a jere kamar ɗinkin tela. Tun ranar Evaristo bai sake barcin kirki ba.

Gida na ƙarshe kafin gishirin ɗakin laka ne da garken awaki. Wata tsohuwa ta fito tana goge hannu a jikin siket.

"Barka da yamma, Doña. Ɗakin Matuƙi muke nema."

"Ermelinda sunana." Ta zagaya ta leƙa bayan motar. Babu komai sai taya da akwatin kayan aiki. "Ba ku kawo masa ruwa ba?"

"Kallo kawai za mu yi mu juyo."

"Da ina da shi da na ba ku. Motar ruwa ba ta leƙo mu ba, awakin ma da kofi nake raba musu." Ta dubi rana, ta dubi Griselda. "'Yata, ke ce mai hankalin a cikinku?"

"Haka nake fama, Doña."

"To ki dawo da shi kafin gishirin ya yi toka-toka."

Evaristo ya tambaye ta wane ne matuƙin. Ta faɗa masa ba tare da ta rage murya ba, kamar mai ba da labarin akuyar da ta ɓata.

"Babana yana cikin waɗanda suka tsince shi. Mutanensa sun zo sun kwashe injin da abin da bai ƙone ba, suka yi gaba. Shi ko nemansa ba su yi ba. Ashe da ransa ya fita. Ya ɗauki ɓallen fiffike ya kifa a ka saboda rana, ya yi ta tafiya yana zagaya wuri ɗaya. Da aka same shi bakinsa cike yake da gishiri. Ci ya riƙa yi, yana zaton ƙanƙara ce. Da ɓallen aka rufa masa ɗakin. Ba ya damun kowa in dai akwai ruwa. Bana ne masu wucewa suka yi ƙaranci."

Griselda ta yi alamar gicciye. Evaristo kuwa kalma ɗaya ce ta shiga kunnensa, fiffike.

Turbar ta ƙare, gishiri ya fara. Fari ne fat har inda ido ya tsaya, ba itace, ba tsuntsu, sai sawun manyan motoci da suka bi. Tayoyi suna murƙushe shi ƙurus-ƙurus. Iskar da ke shigowa ta taga tana da ɗanɗano, tana manne wa leɓe.

Ɗakin bai wuce ƙugun mutum ba. An gina shi da tubalan gishiri, a ciki akwai guntayen kyandir da gicciyen katako ba suna. Kewaye da shi kwalabe ne da gorunan roba, tuli guda, kamar yadda ake tara wa duk wanda ƙishirwa ta kashe a hanya. Kusan duka rana ta shanye su, sun lotse. Guda uku ne kawai da ruwa, an jingine su a bakin ƙofa.

Evaristo ya durƙusa ya ɗora tafin hannu a kan rufin. Ya bi layin ƙusoshin da yatsa. Ya bi lanƙwasar. Ya fito da ɗan Jemagen da ya zo da shi a aljihun riga, ya kara. Daidai take da wadda mahaifinsa ya riƙa zana masa da yatsa a kan teburin cin abinci.

"Griselda," ya ce. "Shi ne."

"To, madalla. Ka gani, mu tafi."

"Launin fa?"

Nan matsalar take. Shekara da shekaru masu ziyara suna yi wa rufin kwalliya da ragowar fentin gida, shuɗi a kan fari, fari a kan ja. Fulvio zai ce murfin tsohuwar mota ne. Launin asali yana ƙasa, kuma duk mai wannan sana'a ya san yadda ake kai masa. Da sanfefa mai laushi ake gogewa a hankali, ana yi ana zuba ruwa. In aka goge a bushe, sai a kwashe fentin duka har ƙarfe, kuma busasshen fenti ba ya nuna ainihin launinsa sai an jiƙa shi. Evaristo ya ɗauko sanfefa daga akwati. Ya girgiza filas, babu ko ɗigo. Ya tofa yawu ya goga, gishiri ya shanye kafin ya kai hannu. Rana saura kaɗan ta taɓa ƙasa, in ta faɗi kuwa babu mai iya shaida launi.

Ya dubi kwalabe ukun nan.

"Kada ka kuskura," in ji Griselda.

"Kaɗan zan ɗiba."

"Evaristo, ko ɓarawo ba ya taɓa wannan. Direban da injinsa ya tafasa ma sai ya roƙa tukuna."

"Gobe in kawo masa jarka biyu. Ganga ma in yana so."

"Gobe ba yau ba ce."

Ya riga ya murɗe murfin. Bai roƙa ba, bai ko kalli gicciyen ba. Mutum ne mai kirki, bai taɓa cutar kowa ba, amma a wannan lokacin ba ɗakin mamaci yake gani a gabansa ba, aiki yake gani.

Shuɗin ya tafi da kwalba ta farko. Farin ya fi taurin kai, ya cinye ta biyu. Ruwa mai kalar madara yana gangarowa ta gefen rufin, gishiri yana haɗiyewa. Griselda ta rungume hannuwa tana kallon yamma. Jan ya fara sakin jiki. Ya buɗe ta uku, yana zubawa kaɗan-kaɗan, yana zagaya yatsa. Sai wani launi ya leƙo daga ƙasa, faɗin kwabo, jiƙaƙƙe, yana sheƙi a hasken ƙarshe na rana. Ja ne mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa.

Ɗanyar hanta.

Evaristo ya zauna daɓas a kan gishiri ya fashe da kuka kamar yaro. "Baba," yake cewa, "Baba, ga shi." Ya juye sauran ruwan a kai don ya ƙara gani da kyau. Sannan ya ɗauko almakashin kwano ya yanko ɗan guntu daga bakin fallen, ya naɗe a hankici ya sa a aljihu.

Da ya ɗago, gishirin ya yi toka-toka.

Iskar ta tsaya. Ba raguwa ta yi ba, tsayawa ta yi cak, har yana jin ƙarar injin motar yana hucewa, ƙas, ƙas. Sai wari ya taso, warin kananzir da ƙonanniyar roba, da wani abu a ƙarƙashinsu kamar fatar da aka shanya ta daɗe.

"Tsoho," Griselda ta ce a hankali. "Ka ji?"

Kwalaben ne. Babu iska, amma bakin kowace yana busa, ƙasa-ƙasa, kamar ana hura su ɗaya bayan ɗaya. Gorunan roba suka fara lotsewa da kansu, ƙwas, ƙwas, kamar ana tsotse su.

Wata inuwa ta bi ta kansu. Faffaɗa ce, ba wutsiya, ta zame a kan gishirin ba ƙara, ta yi nisa, ta karkata, ta ɓace. Evaristo ya ɗaga kai. Babu komai a sama.

Ya so ya ce mata ta shiga mota. Harshensa ya manne a dasashi.

Sai wani taku ya fara. Ƙurus. Shiru. Ƙurus, da jan ƙafa a bayansa.

Daga gabas mai takun yake tahowa, inda duhu ya fara taruwa. Dogo ne, ya rankwafa, da hular fata a kansa, rigarsa ta ƙone a kafaɗa ɗaya. Hannuwansa biyu suna sama, a buɗe, kamar mai tallabe da wani abu a ka, alhali ba ya ɗauke da komai. Bai yi sauri ba. Amma duk ƙiftawar ido sai su ga ya fi kusa.

"Kada ki motsa," Evaristo ya raɗa.

"Ba zan iya ba ma."

Ya wuce su kamar bai gan su ba. Fuskarsa fara ce da ɓawon gishiri, leɓunansa sun tsattsage har sun janye daga haƙora. Inda idanu suke, gishiri ne ya cika. Ya durƙusa a bakin ɗakin, ƙasusuwansa suna ƙara. Ya sauke hannu ya ɗauki kwalba ta farko, ya kafa a baki.

Ya ajiye. Ya ɗauki ta biyu.

Ta uku ya fi daɗewa da ita. Ya girgiza ta, ya sake kafawa.

Sannan ya kifa fuska a ƙasa inda ruwan ya zuba, ya fara lasa. Suna jin harshensa yana karce gishirin kamar sanfefar da Evaristo ya yar.

Babu komai a wurin. Ƙasa ta riga shi.

Ya ɗago. Ya furta kalma ɗaya da yarensa, busasshiya, ba murya a cikinta sai iska. Ba su san yaren ba, amma babu wanda zai ji ta bai gane abin da ake roƙo ba.

Griselda tana kuka ba sauti. Tausayi ne ya fi yawa a kukan, don ita mace ce da ko kare ta gani da ƙishirwa sai ta tsaya. Hawayen suna gangarowa har haɓarta.

Kan matuƙin ya juya wajenta. Ya shaƙi iska.

"A'a," in ji Evaristo. "Ni ne. Ni na zubar."

Ko waiwayarsa bai yi ba.

Ya miƙe. Taku biyu, yana gabanta. Bai taɓa ta ba. Bakinsa kawai ya kawo kusa da kumatunta, ya ja numfashi.

Hawayen suka ɗauke.

Ya sake ja. Leɓenta ya tsage, jinin da ya fito bai gangaro ba, nan take ya bushe ya yi baƙi. Idanunta a buɗe suke, ta kasa ƙiftawa. Gwiwoyinta suka fara lanƙwashewa.

Ruwa. Ina ruwa?

Lagireto.

Evaristo bai san lokacin da ya isa motar ba. Ya fizgi wata gorar roba daga tulin, ya fille mata kai da 'yar wuƙar sassaƙarsa, ya kwanta ya shige ƙarƙashin injin. Ya laluba tiyon ƙasa. Zafinsa ya ɗauke masa fatar yatsu. Ya caka wuƙar.

Tafasasshen ruwa ya feso masa a hannun dama, daga yatsu har gwiwar hannu. Ya yi ihu, ihun bai fito ba. Bai saki gorar ba.

Ya fito da rarrafe. Rabin gora ce, ruwa ja mai tsatsa, yana tururi.

"Ga shi!" Muryar ta fashe masa a wuya. "Ga ruwanka! Ka yi haƙuri, ga shi!"

Ya dire ta a bakin ɗakin.

Shiru.

Sannan ƙurus.

Griselda ta zube. Ya tallabe ta, ba nauyi kamar ba ita ba, ya tura ta cikin mota. A bayansa ya ji haɗiya, doguwa, mai ƙara, irin ta dabbar da ta kwana biyu ba ta ga rijiya ba.

Injin ya tashi. Ya juya motar, ya taka. Sai da ya dubi madubi ya tuna tiyon da ya huda. Ruwan lagireto yana ɗiga a bayansu, baƙin layi a kan gishiri, tun daga ɗakin har tayoyinsu.

Abin yana bin layin.

Da hannu da gwiwa yake tahowa, fuska a ƙasa, yana lasa, kuma yana da sauri yanzu.

"Griselda, yi magana. Tsohuwa, yi mini magana."

Bakinta ya motsa, ba abin da ya fito.

Allurar zafi ta haye ja. Hayaƙi ya fara fitowa ta gaban motar, warin ƙonannen mai ya cika ciki. Ya ga ɗan hasken fitila can gaba, ya nufe shi. Injin ya yi tari, ya yi ƙara kamar ana zuba tsakuwa a tukunya, ya mutu. Motar ta ci gaba da gangarawa da ƙarfinta. Ƙarar gishiri a ƙarƙashin taya ta koma ta ƙasa da ƙaya. Ta tsaya.

Awaki suna ta kuka. Doña Ermelinda tana tsaye da fitilar kananzir a hannu ɗaya, tukunya a ɗayan. Ba ta tambaye su komai ba. Ta wuce su ta je daidai inda fari ya ƙare, ta ajiye tukunyar a kan gishirin, ta ja da baya tana addu'a ƙasa-ƙasa. Ruwanta na ƙarshe ke nan. Suka ji haɗiyar ta sake tashi a cikin duhu, ta daɗe, sannan takun ya juya, yana nisa, har ya ɓace.

"Ba ya taka ƙasa, iyakarsa gishiri," ta ce. "Kawo ta ciki."

Nonon akuya ta riƙa ɗiga wa Griselda a baki da cokali har gari ya waye. Ta naɗe wa Evaristo hannu da tsumma. Da ya faɗa mata abin da ya yi, ya fito da hankicin ya ce zai mayar, ta ture hannunsa.

"Riƙe tsiyarka. Me zai yi da ƙarfe? Ruwa yake so." Ta dube shi da kyau. "Ku nawa ne masu wannan haukan?"

"Wajen talatin."

"Duk irinka ne?"

Ya mayar da hankicin aljihu.

Griselda ta rayu. Likitoci sun yi ta aune-aune, suka sa wa ciwon suna, suka ba ta maganin ɗigawa a ido. Amma hawaye ba su sake zuwa mata ba, ko na albasa. Yawunta ya ƙafe, ba ta iya haɗiye burodi sai ta tsoma, muryarta ta koma raɗa. Matar da ake jin dariyarta daga bakin titi, yanzu sai ka sunkuya za ka ji abin da take cewa. Ba ta taɓa ce masa laifinsa ne ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Hannunsa ya warke a ƙanƙance, yatsu uku ba sa lanƙwasuwa, burushi ba ya zama a cikinsu. Duk ƙarshen wata yana biyan direban motar gishirin nan ya sauke jarkoki a ƙofar Doña Ermelinda, rabi nata, rabi na ɗakin.

Ranar baje kolin ya je. An cika zauren da tebura, jirage ɗaruruwa a jere, mata suna yanka kek, jikoki suna guje-guje tsakanin ƙafafu. Hankicin yana aljihun rigarsa, yana jin kaifin guntun a ƙirji. Labarin tafiyarsa ya riga shi isowa. Fulvio ya buga cokali a kofi, aka yi shiru.

"To, Ludueña, an ce ka je aikin haƙa. Ka ƙone hannu, ka kashe mota. Me ka samo mana?" Ya yi murmushi, kuma a wannan karon ba na ƙeta ba ne. "Da gaske nake. In akwai wani abu a can, ni zan fara cire maka hula. Mu ɗauki bas mu je gaba ɗaya, da iyalai, a yi gashin nama a bakin filin. Kowa ya riƙo sanfefarsa. In fiffike ne, mu kwanto shi mu kawo, a ajiye inda ya dace."

Zauren ya ɗauki hayaniyar murna. Wani ya ce yana da injin yankan ƙarfe. Wani ya ce matarsa ta daɗe tana son ganin gishirin. Evaristo ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya san su sarai, don shi ma nasu ne. Ko ya ba su labarin abin da ya gani, dariya za su yi su ce ya gaji mahaifinsa, kuma su tafi. In suka ga launin nan, ba kwalbar da za ta tsira, rufin ma ba zai kwana ba. Ya waiwaya ya ga Griselda a kujerar bakin ƙofa, tana tsotsar ruwa daga 'yar gorarta, idanunta jajaye a bushe suna kallonsa.

Ya cire hannu daga aljihu, ba komai a ciki.

"Murfin tsohuwar mota ne," ya ce. "Babu wani Jemage. Babana ne ya ƙirƙira."

"Ɗaga murya, ba a ji a baya ba."

Ya ɗaga. "Na ce babana maƙaryaci ne. Giya ce ta ba shi labarin."

Ba wanda ya yi dariya. Fulvio ya zagayo teburin ya rungume shi, yana bubbuga masa baya, yana cewa sai namijin gaske ne ke iya faɗin haka a gaban jama'a. Sai aka fara tafi, zauren gaba ɗaya, har yara suka tsaya suna tayawa ba su san dalili ba. Evaristo ya tsaya a tsakiyarsu har suka gama.